Takardun da Hajiya Ta Ce a Ƙona

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Kabiru, kuma har yau ba na iya bi ta tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring ban leƙa bencin ƙarshe ba, inda yake zama da allon zanensa a cinya. A nan zuciyarsa ta tsaya wata safiya, yana hanyar zuwa kotu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

A Kaduna Yaya lauyan gwamnati ne, mai gabatar da ƙara. Da ya zo Amurka takardunsa ba su ba shi damar tsayawa gaban alƙali ba, sai ya koma tafinta. Idan an kawo Bahaushe ko mutumin Nijar kotu, shi ke tsayawa a gefe yana juya magana. Ni kuma ina aikin jinya a wani asibiti wajen Takoma Park, bas ɗaya ne tsakanin gidana da nasa, don haka kusan kowace Asabar da rana can nake cin tuwo.

'Yarsa Nana ce ta jawo masa jarabar littattafan zane na jaruman nan masu rufe fuska suna tsalle daga bene zuwa bene, har da shirinsu na talabijin. Ita tana kallon jarumi, shi yana kallon wani daban. Sai ka ji ya dangwarar da cokali.

"Zulai, duba min nan don Allah. Wannan mai matsattsen wando ya ɓalle ƙofar mutane ba takardar izini, ya lakaɗa wa mutum duka, ya ɗaure shi jikin fitilar titi, ya yi gaba abinsa. To gobe wa zai tsaya gaban alƙali ya yi bayani? Wancan bawan Allah mai rungume da fayil!"

Mai gabatar da ƙara yake nufi. A irin labaran nan minti biyu ake ba shi, ya fito ya ɗaure fuska ya koma. Kafin labari ya yi nisa ko dai an kashe shi, ko an saye shi, ko ya haukace ya zama mugu. In mace ce kuwa, aikinta a sace ta jarumi ya ceto ta. Abin nan yana ci wa Yaya rai kamar a gidanmu aka yi cin mutuncin.

Sai ya fara zana nasa. Jaruminsa Tsawa, ƙato mai yawo kan rufin gidajen Silver Spring. Mai gabatar da ƙararsa kuma Barista Asabe, 'yar gajeruwa mai tabarau da mayafi, wadda duk shaidar da Tsawa ya kawo ta hanyar fasa ƙofa sai ta mayar masa da abarsa. Gaskiya Yaya bai iya zana hannu ba, shi ya sa kowa a littafin hannunsa na aljihu, har alƙali. Na sha tsokanarsa a kai. Ya ce in bari, sanyin Maryland ne.

Kwana uku da binne shi Hajiya, mahaifiyarmu, ta kira ni daga Kaduna. Wani kawunmu ya je ta'aziyya, zancen zane ya taso, ya gaya mata cewa mai zana abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar gobe, kuma muddin hotunan na duniya nauyinsu na kan mamaci. Muryarta ta dishe da kuka. Ta ce, "Zulai, ki tattara takardun nan ki ƙona su. Ki taimaki ɗan'uwanki."

Na ce, "To, Hajiya."

Wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan amsar. Ba a yi wa uwa gardama, balle uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba.

A benenmu ko albasa ka ƙona na'urar gargaɗin hayaƙi sai ta yi ƙara ta tara maka maƙwabta. Don haka na ɗauki kwalin da takardun ke ciki na tafi wani filin shaƙatawa mai murhun gasa nama, ranar aiki da hantsi, ba kowa. Na ƙyasta ashana. Shafi na farko ya ci, na biyu ya ci, na uku, na huɗu. Da na ɗago na biyar sai idona ya faɗa kan rubutun Yaya, Asabe tana gaya wa Tsawa cewa mutumin da ya kamo yana da uwa, kuma uwar za ta zo kotu, saboda haka a yi abin da za a iya kallon idonta a faɗa mata. Na zauna a ƙasa na karanta kwalin kaf. Wutar ta mutu da kanta. Da yamma na kira Hajiya na ce an yi. Ta sa min albarka har sai da na ji kamar in nutse.

Shafuka huɗun nan su ne inda Asabe ta fara fitowa. Ba wanda zai sake sanin yadda ta shigo labarin, kuma ni na yi wannan ɓarnar.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin yau. Yanzu kowa Tsawa ne. Mutum ya ɗauki bidiyon wani a waya, ya watsa, kafin la'asar an yi shari'a an yanke hukunci a zauren sada zumunta, ba a ji ta bakin kowa ba. A zauren 'yan garinmu ma na nan Maryland na ga an yi wa wata baiwar Allah haka kan zancen da bai tabbata ba. Na san Yaya da ya rubuta dogon saƙo yana tambayar ina shaida, kuma na san da an cire shi daga zauren kafin magariba. Shirye-shiryen talabijin ɗin kuwa sun ninka, kayan yaƙin jarumai sun ƙara sheƙi, mai fayil yana nan a gefe inda Yaya ya bar shi.

Abin da ya hana ni sukuni bana Nana ce. Ta gama jami'a. Da ta zo taya ni sauya gida sai ta ci karo da kwalin a bayan akwatuna. Ba ta yi min faɗa ba, kuka ta yi. Tana da abokai a Annandale masu haɗa fim ɗin zane, kuma suna son labarin, musamman shafin ƙarshe da Yaya bai gama ba, inda Asabe ta sa hannu a takardar kama shi kansa Tsawa. Gadon ubanta ne, ba ni da ikon hana ta. Roƙona kawai take in karanta mata maganganun, don Hausarta ta ji ce, ba ta karatu ba. Ta ce min da Turanci, ta ƙarasa da 'yar Hausarta, "Anti, Baba yana magana a ciki, ni ba na ji."

Ranar da fim ɗin nan ya fita, kafin a kwana ya isa wayoyin Kaduna. Wata jika za ta kai wa Hajiya da murna ta ce ga aikin Kawu Kabiru. Tsohuwar da ta yi shekara tara tana samun sanyi a ranta cewa an sauke wa ɗanta nauyi za ta ji daga bakin yara cewa 'yarta ta yi mata ƙarya.

Na tambayi malamai biyu kan hukuncin zane, na samu amsa biyu. Ni ba malama ba ce, kuma ba zan ce tsoron Hajiya ba shi da tushe ba, don ni ma yana kama ni. Na ɗauki waya don in gaya wa Hajiya gaskiya ya fi a ƙirga, mu gaisa, ta tambayi aiki da sanyi, in ce lafiya lau, in kashe.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar suna a kotun da ya yi wa hidima ba. Abin da ya rage nasa shi ne 'ya, da kwali ɗaya da aka gutsure wa kai, da wannan naci nasa cewa in mutum ya yi abu, ko da niyyar alheri ne, ya fito fili ya faɗa, a saurare shi, a yanke masa. Na karanta wa Nana shafi talatin ina jin kunyar Asabe, mace ta takarda.

Ƙaninmu Sani yana karanta wa Hajiya wannan jaridar da nake rubutu a cikinta duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sani, kada ka tsallake wannan layin.

Hajiya, ni ce Zulai. Ban ƙona ba. Shafi huɗu kawai wuta ta ci, sauran suna nan, kuma jikarki tana son ta ji muryar ubanta. Yaya bai san abin da na yi ba, in akwai nauyi a kaina yake, ina roƙon Allah Ya ɗora min shi ni kaɗai. Ki yafe min ƙaryar. Ki kira ni, ko da faɗa za ki yi.