Ranar da Na Gasa Kofaton Dokin Kawu

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta safiyar da na gasa kofaton dokin kawuna ba.

Shekarun yajin aiki ne, ofisoshi a rufe, ni kuma ma'aikacin kiwo, ban daɗe da dawowa daga ƙaro ilimi na wata uku a Turai ba. Can na ga ana sa wa doki takalmi cikin ƙanƙara: a gasa ƙarfen, a danna a kofato ya zauna daram. Gani kawai na yi, amma duk Maraɗi ba wanda bai ji labarin a bakina ba.

Kawuna yana noman tumatir a Jiratawa, dokinsa ɗaya ke jan amalanke zuwa kasuwar Maraɗi. Kwalta ta cinye masa kofato, muka kai shi wurin wani tsohon maƙeri a Tsibiri, ana ɗari mai shiga ƙashi. Maƙerin ya gyara ƙarfen takalmin, ya ajiye ya huce. Na ce da sanyin nan ai da zafi ake sawa.

Maƙerin ya kira ni yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce, "Mushe, ka taɓa yi da hannunka?"

Na ce, "Baba, ni da na je Turai?"

Kawu ya ce, "Bar shi, ya yi karatu."

Na ɗauki awartaki, na mayar da ƙarfen wuta har ya yi ja, na danna shi a kofato. Hayaki ya tashi da ƙauri. Abin da ban lura da shi ba a Turai, taɓawa ake yi a ɗage. Ni kuwa na tsaya ina yi wa masu jin ɗumin wutar maƙerar bayani. Dokin ya yi haniniya, ya watsa ni cikin kwamin ruwan maƙera. Aka yi dariya har da riƙe ciki, ban da Kawu, wanda ya durƙusa yana shafa ƙafar dokin.

Mako uku dokin yana ɗingishi, tumatir kuwa ba ya jira. Ni na riƙa tura amalanken tare da Kawu kowace safiya, abokan aikina suna tambaya ko ni ma a sa mini takalmin.

Tun daga ranar, abin da idona ne kaɗai ya iya, ba na gwada shi a kan abincin wani.