Ranar da Binta Ta Buɗe Ƙwaryar Tsinuwa

A gidanmu na Ƙofar Marusa, da an sauke tuwon dare sai mu kewaye murhu tun garwashin bai mutu ba. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, tsohuwar ƙwarya a gefenta. Ba ta fara tatsuniya sai da ƙwaryar nan.

Dalili kuwa, Iya ba ta yarda tsinuwa ta fita daga bakinta ta bi iska ba, ko da ta cikin tatsuniya ce. In labari ya kai inda mayya ko aljana za ta yi wa wani baki, sai ta kara ƙwaryar a bakinta, ta raɗa kalmomin a ciki, ta yi maza ta kife ta a ƙasa. Da safe ta wanke ta, ta zuba ruwan a kwata.

"Bakin tsohuwa ba abin wasa ba ne," in ji ta. "Ku ji labari, ku bar mani dafin."

Wata rana tana ba mu labarin yarinyar da ta yi wa wata tsohuwa dariya a bakin rijiya, tsohuwar ta karanta wasu kalmomi, muryar yarinyar ta faɗa cikin ruwa. Iya ta raɗa, ta kife, ta juya tana gyara itace. Ƙanwata Binta, sarkin karambani, ta ɗaga ƙwaryar ta leƙa.

"Ba komai ciki!" ta ce.

Iya ta yi salati. Ba a ƙarasa labarin ba ranar.

Da gari ya waye Binta ta buɗe baki za ta gaida Mama, sai iska kawai. Mama ta ce mura ce, ai jiya an ga 'yar banzar tana tsotsar ƙanƙara a makwabta. Ni dai ban yarda ba. A makaranta ban fahimci komai ba, ina ta tunanin shi ke nan, ƙanwata ta zama bebiya.

Da yamma na sami Iya tana daka citta da kanumfari.

"Iya, muryarta za ta dawo?"

"Maigidana, mi ya sa ka cika tsoro? Ai labarin bai ƙare ba."

Bayan magariba ta ɗora Binta a cinya, ta ci gaba da tatsuniyar, ta ce yarinyar cikin labarin ta koma rijiya ta ba tsohuwa haƙuri. Wannan karon ba ta nemi ƙwarya ba. Da ƙarfi ta faɗa: "Abin da na ƙulla na kwance, murya ki hau guga ki fito!" Ta ɗura wa Binta jiƙon da zuma.

Kwana ya yi kwana, shiru. Sai wata safiya muka ji wata murya kamar ta ɗan zakara daga ɗaki: "Ni ba ni ƙara shan abin nan mai yaji!" Na yi dariya har da hawaye. Ban taɓa jin daɗin tsiwar Binta irin na ranar ba.

Sai da na girma na tambayi Iya ko da gaske ta yarda bakinta ne ya kama Binta.

"Na san mura ce," ta ce. "Amma ka san abincin kirki bai shiga cikina ba sai da ɗiyar nan ta yi magana?"

Yanzu in 'ya'yana suka kai ni bango, muguwar kalma ta zo mini har kan harshe, Iya nake tunawa. Ta san mura ce, amma duk da haka ta kasa cin tuwo. Sai in haɗiye maganata, in ce, "Allah ya shirye ku."