Daɓen Masai a Gidan Duba-gari

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba-gari, a zamanin da ganin kakinsa mai guga daga nesa kan sa matan unguwa su ruga su zubar da tsohon ruwan randa. Ko ruwan sha bai taɓa karɓa a gidan da ya je dubawa ba. Da ya yi ritaya ya gina gidan haya mai ɗaki shida da masai ɗaya, sunan aikin kuma ya bi shi: Baba Duba-gari.

Yana da hanyarsa ta gwada daɓen masai, wadda aka koya musu tun suna samari. Zai ƙwanƙwasa simintin da sanda a kusurwa huɗu, ya saurara. Lafiyayyen daɓe a dunƙule yake amsawa, wanda rodinsa ya ruɓe kuwa ƙara yake kamar tulun da babu ruwa. Kowace shekara kafin damina yakan yi haka. Abin da ya ƙi yarda da shi kawai shi ne kunnensa ya yi nauyi.

Wata Talata matar tela, mai ɗaki na uku, ta tare shi a tsakar gida.

"Baba, daɓen masan nan fa motsi yake. In an taka lotsawa yake yi."

"Me?"

"Na ce motsi yake!"

Ya ɗauko sanda ya buga, ya karkata kai, bai ji komai ba. "Lafiyarsa lau, 'yata."

"Baba, ni daga nan na ji shi kamar ganga."

"To, sai a ɗinka miki kaki! Tun kina goye nake wannan aiki."

Ya shafe wata tsaga da ya gani a daɓen da ɗan siminti, ya koma gida.

Bayan kwana goma sha ɗaya ruwan farko ya sauka. Washegari da hantsi mahaifiyar tela ta shiga masai da butarta, daɓen ya rufta da ita. Awa uku aka yi da igiya da tsani kafin a fito da ita, ba rai.

Jami'in da ya zo bincike ya girmama tsohon. Dokar kuwa dukansu sun san ta: mai gidan da aka sanar wa da haɗari ya ƙi gyarawa, kotu ce tasa. Matar tela ta sunkuyar da kai, kunyar Baba ta hana ta magana, sai jami'in ya rubuta cewa babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi.

Tsohon ya sa tabarau ya karanta takardar a hankali.

"Ɗana, layin nan ba daidai ba ne. An gaya mini, ranar Talata, uku ga wata. Dariya na yi mata."

"Baba, ka san inda wannan zai kai ka?"

"Na sani. Goge ka gyara."