Rumbun Tsimin Yayana

Garinmu yana tsakanin Tasawa da Mayahi, a bakin gulbin da ko kakana bai taɓa ganin ruwa na gudu a cikinsa ba. Duk da haka gulbi muke ce masa, kuma idan baƙo ya zo can muke fara kai shi ya ga goruba. Abubuwan kallonmu ba su da yawa, amma ba mu raina su. Akwai tsohuwar kuka mai kogo, wadda aka ce mata da yara sun ɓuya a cikinta zamanin hare-hare. Akwai guntun ganuwa da bai wuce ƙugun mutum ba, inda awaki ke hawa shan hantsi. Akwai tudun kashin ƙarfe, wurin da maƙera suka narka tama a zamanin da. Sai rijiyar kakanni, wadda in ka saki guga za ka gama gaisawa da mutane kafin ka ji ya taɓa ruwa.

An maido ni garin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, zamanin soja, shekarar da damina ta leƙo ta ga halinmu ta koma. Hatsi ya tsiro, ya yi kore, ya bushe a tsaye ba tare da ya fidda kai ba. Kafin sanyi ya wuce mata sun shiga jeji neman anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana jiƙa su kafin su ciwu. Amma in ka tari mutum da safe ka ce ina kwana, lafiya lau zai ce maka, ko da jiri na ɗibarsa.

Yayana shi ke riƙe da gidanmu tun rasuwar babanmu. Yana da mata da yara, ga tsohuwarmu, abin da nake samu a lakwal kuwa bai ciyar da gida biyu ba. A bayan gidan akwai rumbun laka babba, wanda babanmu ya gina da hannunsa. Ni da yaya mun san ko ɓera ya daina zuwa wurin. Wata rana bayan la'asar ya ja ni gefe ya ce, "In taimakon gwamnati bai iso garin ga ba kahin zahi, kwashe iyali zan yi in yi kudu. Ba ni zamna in ga ɗiyana suna ramewa." Na san ba mutum ne mai faɗin magana sau biyu ba.

Ana nan sai ga gardi, dogarin gwamnati, daga wurin kumandan, wato sojan da ke mulkin yankinmu. Ya ce wa maigari kumandan zai zo ranar Talata da baƙi nasara, a shirya. Ni kuma ya ƙara mini da Faransanci cewa baƙin zagaya ƙauyuka suke yi don su ga inda yunwa ta fi tsanani, can za a fara kai buhunan jar dawa. Na ji sanyi a raina. Na ce in dai yunwa ake nema, wannan karon garinmu ba zai zo na ƙarshe ba.

Na sami maigari da dattawa a ƙofar gida, na durƙusa na yi musu bayani dalla-dalla.

"Ranka shi daɗe, kada a gyara komi. A bar su su gan mu yadda muke."

Maigari ya dube ni kamar na ce a fito ba wando.

"Mushe," ya ce, haka suke kiran malamin lakwal, "karatun naka bai koya maka yadda aka tarbon baƙo ba? Mutum shi taso tun daga ƙasarsu, mu tare shi da tsumma? Mi za a ce da mu a kasuwar Atantane?"

"Baba, ai don yunwar sunka zo."

"To ai suna da ido. Mai ido ba sai an gwada mishi ba."

Dattawa suka ce haka ne. Ɗaya ya ƙara da cewa nasara na son abin tarihi, a kai su su ga kuka.

Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa kai kamar wannan makon ba. Mutanen da ba su da ƙarfin ɗaukar kansu suka share hanya tun daga gulbi har ƙofar maigari. Aka fito da rigunan Sallah daga adaka. Ƴan majami'ar unguwar gabas, waɗanda ba su cika gida goma ba, suka ba da aron bencinsu, matansu suka yi ta gwajin waƙar maraba. Maigari ya aika wa abokinsa Bafillace da ke zaune arewa wajen Isawan, mutumin da rabin garkensa ya riga ya zama fatu. Shi ma ya fahimci nauyin al'amarin. Ya zaɓo shanun da ke iya tashi da kansu ba sai an ɗaga su da sanda ba, ya jera su a bakin rijiya. Aka bi gida-gida aka tara ɗan hatsin iri da mutane suka ɓoye don shuka, aka dama fura. Rago ɗaya da ya rage a gidan maigari shi ma ya ba da ransa don mutuncin gari. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rumbuna. Kowane maigida ya sabunta jinkar rumbunsa, har da yayana, wanda na tarar a kan tsani yana ɗaure sabuwar ciyawa a kan rumbun da babu komai a ciki.

"Yaya, mi kaka yi haka?"

"Tsohuwar jinkar ta yi muni," ya ce, bai ko dube ni ba.

Ranar Talata da hantsi motoci suka iso. Kumandan ya fito da kakinsa mai guga, tare da wata madam doguwa mai hular kaba da wani nasara mai na'urar hoto. Ni ne tafinta. Tun kafin su zauna gari ya ɗauki ƙarar turmi. A garinmu gidan da ba a ji daka ba an san abin da ke ciki, don haka duk shekarar mata ba su fasa daka ba, ko ƙwallon goruba ne, ko dusa. Ranar kuwa har da lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi. Madam ta tsaya tana murmushi, ta ce ba ta ji irin wannan a ƙauyukan da suka biyo ba.

Daga nan maigari ya karɓi ragama. Muka tafi kuka, ya ba da labarin hare-hare tun daga farko, mai hoto ya shiga kogon ya fito da kashin jemage a riga. Muka tafi ganuwa, aka kori awaki, aka nuna musu inda ƙofa take a da. Muka hau tudun kashin ƙarfe, aka ba madam guntu ɗaya tsaraba. A bakin rijiya shanun Bafillace suka yi abin da aka kawo su yi, suka tsaya da ƙafafunsu har aka gama ɗaukar hoto. Ni kuwa ina fassara ina cizon haƙora. Kumandan yana jin Hausa sarai, don haka ba damar in ƙara gishiri a maganar dattijo.

Da aka dawo aka ajiye fura da gasasshen rago, madam ta tambayi maigari yadda mutane ke fama da abinci.

"Ce mata mun gode Allah. Da sauƙi."

Na faɗa mata. Sannan na ƙara da bakina, kumandan na ji, cewa babu sauƙin komai, furar da take sha irin shukarmu ne, rumbunan nan da ta gani duk wayam suke. Kumandan ya ɗaga gira. Madam ta dubi ragon, ta dubi rigunan Sallah, ta dube ni. Ba ta ƙaryata ni ba, mace ce mai hankali. Ta ce to a buɗe mata rumbu ɗaya ta gani.

Na ji daɗi ƙwarai, don rumbun da nake da iko a kansa yana nan kusa. Na ja su zuwa bayan gidanmu, gari duka na biye da mu. Yaya yana tsaye a gindin rumbun cikin farar rigarsa ta aure. A gaban taron akwai surukinsa, uban matarsa, wanda ya ba shi ɗiya saboda an san gidanmu da noma.

"Yaya, hau ka ɗaga jinkar su gani."

Ya dubi surukinsa. Ya dubi maƙwabta, waɗanda kowannensu ya san abin da ke cikin rumbun, don irinsa ke cikin nasa. Ba wanda za a ba labari a wurin nan sai nasara biyu da za su tafi kafin azahar.

"Yaya, don Allah. Tuna maganar da munka yi."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya ce, "Ce mata ta yi haƙuri. Rumbun tsimi ne. Ba a buɗe shi sai ruwa sun sauka."

Haka al'adar take, babban rumbu ana rufe shi bayan kaka, ba a taɓa shi sai lokacin noma. Ban sami fassarawa ba, kumandan ya riga ni. Fuskarsa ta washe. Ya bayyana wa madam cewa ai umurnin gwamnati ne kowane gari ya ajiye rumbun tsimi, ga shi kuwa an sami garin da ya ji magana. Ya miƙa wa yaya hannu a gaban kowa. Mai hoto ya ɗauki yaya a jikin rumbunsa mai sabuwar jinka. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, surukinsa har da share ƙwalla.

Ranar gari ya kwana cikin farin ciki. Kowa na cewa ba a taɓa tarbar baƙi haka ba, mun fita kunya. Ni ko gaisuwa ban yi da yaya ba har kwana da kwanaki, haushi ya hana ni.

Kamiyoyin jar dawa, manyan motocin kaya, sun zo a lokacin zafi. Mun ga ƙurarsu daga kan ganuwa, wurin da ya fi ko'ina tudu a garin. Suka bi ta bakin gulbi suka wuce wani ƙauye da ke gabanmu, wanda ba shi da kuka, ba shi da ganuwa, maigarinsu ma ranar da baƙin suka je yana kwance ba lafiya, ba a sami mai shirya tarba ba. Mu aka ce sai zagaye na gaba, tunda muna da tsimi.

Yaya bai jira zagayen ba. Iyakar Najeriya a rufe take lokacin, amma masu jakuna sun san hanyar jeji. Da sassafe ya ɗora yara, ya bar mini tsohuwa. Na raka su har kuka. Ina ta tanadin maganganu masu zafi tun ranar Talatar nan, da na ga ƙaramar ɗiyarsa tana riƙe da tabarma sai duk suka tsere mini. Shi ne ya yi magana.

"In an tambaya, ka ce cin rani na tahi. Rumbun kuma kada ka bari kowa shi buɗe. Da ruwa sun sauka ina nan tahe."

Ruwa ya sauka a shekarar, ya sauka a shekarun da suka biyo, yaya bai dawo ba. A can wajen Katsina aka binne shi, ƴaƴansa yanzu ko hanyar garinmu ba su sani ba. Na yi kewarsa fiye da yadda na yi fushi da shi, kuma fushin ba kaɗan ba ne.

Rumbun yana nan. Duk shekara ina sa a yaɓe shi a yi masa sabuwar jinka, har ya zama shi kaɗai ya rage na laka a garin. Yanzu in baƙi sun zo, bayan kuka da ganuwa da rijiya, yara kan kawo su bayan gidanmu su ga rumbun mutanen da. Bara wani saurayi daga Maraɗi ya zagaya shi yana ɗaukar hoto da wayarsa, sannan ya ce, "Baba, me ke ciki? A buɗe mu gani mana."

Na gyara wuyan rigata, na ce masa ya yi haƙuri, rumbun tsimi ne.