Wa Ya Ce Musu Ba Kowa?

Har yau in na ji wani yana yabon Amurkawa wai sun taka wata, sai raina ya ɓaci, alhali ba abin da suka taɓa yi mini. Fushin nan gadonsa na yi daga kakata, uwar babana, wadda muke kira Iya.

Iya 'yar Gbagyi ce, aure ya kawo ta cikin Hausawa. Kakana Bawa shi ya sari daji can bayan Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari ya kafa 'yar tunga, gida uku da rumbuna. Nan ya yi noma, nan ya rasu, aka binne shi gindin wata kaɗanya a bayan gida. Iya ta riƙe wurin a bayansa, tana tsintar kaɗe da damina tana yin mai, kuma kowa ya san burinta ɗaya ne, in ta mutu a kwantar da ita kusa da mijinta.

Yadda aka tashe mu daga tungar nan abin takaici ne. Wata rana maza duk suna gona, masu awon daji suka iso. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama, ya tambaya ko da mutane. Iya tana daka, ga surukanta, ga mu yara cike da tsakar gida. Ta amsa yadda mace mai kunya take amsa wa baƙon namiji in maigida ba ya nan, ta ce, “Ba kowa!” Mutumin nan Bahaushe ne, ya san sarai abin da take nufi, kuma yana jin ƙarar turmi. Amma ya koma ya shaida wa manyansa cewa bukkokin gona ne kawai, ba mazauna. Suka bi suka kafa sanduna masu jan ƙyalle, tungarmu ta faɗa cikin gandun dajin gwamnati. Baba ya yi zarya har ya gaji, aka ce masa aikin gama ya gama. Bayan girbi muka kwashe, muka dawo ɗakunan aro a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari.

A nan ma Iya ba ta fasa mana tatsuniya ba. Da an yi sallar isha'i sai mu kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni ne babban jikanta namiji, don haka ni ne mijinta na wasa. “Maigida, matso mana,” in ji ta, “ko cefanen da ba ka yi ba ne ya sa kake ɓuya?” Abokin hamayyarta guda ne, rediyon Baba. Daga cikinta muke jin labarin yaƙin basasa, daga cikinta kuma Amurka ta shigo gidanmu. Akwai wani ɗan damben can, baƙar fata da ya musulunta, mai dukan mutum da baki kafin ya doke shi da hannu. Shi kam Iya tana yinsa, takan ce yaron ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi. Amma da rediyo ta ce mutanensu sun sauka a kan wata, tsaki kawai ta yi, ta ce akwatin nan ya fi ta iya shirya tatsuniya.

Sai ga majigi ya zo gari. Aka ɗaura farin ƙyalle a filin firamare, mu muna tsammanin kaboyi za mu gani a kan dawakai. Muka ja Iya muka tafi. Abin da aka nuna mana wasu mutane ne cikin fararen kaya masu kumburi, kawunansu kamar tulu, suna tsalle-tsallen kwaɗi a kan toka. Wani malamin makaranta yana fassara da lasifika. Can sai suka ɗauko sanda mai tuta, suka dinga murɗa ta har ta kafu a ƙasa. Fili ya ɗauki tafi.

Iya ta miƙe tsaye. “Malam! Gonar wa suka kafa wa ƙyalle?”

“Iya, ai wata ne. Ba kowa a can.”

“Wa ya ce musu ba kowa? Mace ce ta amsa musu?”

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Baba ya kamo gefen zanenta yana raɗa, “Don Allah Iya ki zauna, ana kallonmu.” Dariyar nan ban yafe ta ba. Rabin mutanen filin sun san abin da ya kawo mu garinsu, sun ga ranar da muka shigo da tukwane a ka, amma suka zauna suna ƙyaƙyata wa tsohuwa.

Washegari da dare ba gyaɗa, ba zolaya. Ta ce, “Ga wata nan tafe, ko kun so jin ta ko ba ku so ba.” Ba ta jira amsarmu ba.

Ta ce Wata magidanci ne, yana da gida da mata, sunanta Zara, da 'ya'ya barkatai, su ne taurari. Duk ƙarshen wata yakan yi 'yar tafiya, shi ya sa ake duhu. Ran nan ya ba da baya ke nan sai ga baƙi masu kan tulu. Suka yi sallama, Zara ta ce ba kowa, don kuwa haka aka koya mata. Suka shigo da takalmansu har tsakar gida, suka kafa sanda. Da Wata ya dawo suka ce masa gida ya yi mai shi, ai matarka da bakinta ta faɗa. Tun daga ranar suke gutsurar gidan kaɗan-kaɗan, har ya koma kamar yankan farce. In ya lallaɓa ya gyara ya cika, su dawo su ci gaba.

Ƙanwata ta tambaya, “To Zara fa?”

“Tana nan gefe, ba ku ganinta? Kullum kusa da gidanta, kullum a waje.” Ta tura itace cikin wuta da ƙarfi. “Ni ma da da yaren uwata na amsa wa mai awon nan, da cewa zan yi ga ni. Kunyar Hausa ce ta cuce ni. Ke, ki ji da kyau, duk ranar da aka yi sallama kina ciki, ki ce akwai mutum, ke ce.”

Ba ta rufe tatsuniyar yadda ake rufewa ba. Da gari ya waye babu Iya a ɗaki. Sai la'asar sakaliya ta dawo, ƙafafu duk ƙaya, ta saɓo damin sanduna a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi, jajayen ƙyallaye na reto. Da ƙafa ta je tungar, ta tumɓuke duk wadda idonta ya gani. Da su ta dafa mana tuwon dare, kuma ban taɓa ganin ta ci da yawa kamar ranar ba.

Abin bai yi amfani ba. Masu gadin daji suka zo, Baba ya durƙusa gaban yaran da ya girma yana ba da haƙuri, wai tsufa ne ya taɓa ta. Aka mai da sandunan, wannan karon na siminti. Da ajalinta ya zo bayan wasu shekaru, Baba ya je neman izinin kai ta gindin kaɗanyar, aka ce ba a binne mutum a gandun gwamnati. A maƙabartar gari muka sa ta, cikin baƙi.

Ina yaro na ɗauka da Amurkawa take faɗa. Sai da na girma na gane cewa faɗanta da duk wanda zai ji motsin mutane ne ya toshe kunne don ƙasarsu yake so. Dajin da aka kore mu don a tsare shi, ba a tsare shi ba. An kwashe manoman da suka san kowace hanya a cikinsa, aka bar shi ga masu bindiga, yau mutanen Gwaska da ƙauyukan kewaye su ke biyan abin da ba su ci ba. Kwanan baya jikana ya nuna mini hoto a waya, ya ce sawun takalman Amurkawan nan yana nan a kan wata yadda suka bar shi, don babu iskar da za ta share shi. Na karɓa na duba, raɗau kuwa, har zanen ƙasan takalmin ana gani. Ni kuwa na tsufa ban iya kai yaron nan ya ga kabarin kakana ba, ko da za a ba mu hanya ma, ban san gindin wace kaɗanya zan tsaya in yi addu'a ba.