Abin da Baffa ya ajiye a kwamfutarsa

Bayan rasuwar Baffa, mahaifinmu, kwamfutarsa ta teburi ta ƙi kamawa. Tsohuwa ce, tun yana aikin gwamnati a Kazaure ya saye ta, kuma duk hoton da aka ɗauka a gidanmu cikinta yake zubawa. Ƙannena suka ce ni ne babba, ni na san kan na'ura, in san yadda zan yi. Na karɓa da sauri, don ina da tawa buƙatar da ban gaya wa kowa ba: so nake in ga ko Baffa ya ajiye wani abu nawa.

Ni ne ɗan fari. A danginmu na wajen Gwiwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In yana nemana, sai ya ce wa ƙanwata, "Ina wancan?" Autanmu kuwa har kan cinya, har goyo a babur zuwa kasuwa. Na girma ina cewa ai al'ada ce, amma wallahi tana ci mini rai.

Na kwance kwamfutar na zaro faifan ajiyarta, wani ƙarfe mai nauyi kamar bulon sabulu. Na aika Kano aka sayo mini adafta, wadda ake soka wa faifan ta baya, ta ba shi wutarsa daban, sannan a jona wayarta da laftof. Faifan irin na da ne, mai jerin ƙananan haƙora, ɗaya ma ya lanƙwashe, sai da na miƙar da shi da hantsakin Inna. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, janareto na ta kuka. Na kunna. Faifan ya yi gurnani, ya karkaɗa a tafin hannuna, sai ga shi ya fito a allo.

Baffa mutum ne mai tsari. Kowane ɗa da foldarsa, da cikakken sunansa. Ta Auta har ta gaji da buɗuwa: Auta ranar suna, Auta da rigar makaranta, Auta yana kuka a bakin dam, Auta da miyar kuka a gemu. Mutum ya ɗauki hoton yaro yana cin tuwo! Ƙannena suna ta shewa, ni kuwa ina danna gaba. Ƙato da ni, da iyalina, ina kishin ƙanen da na yi wa wanka.

Na gangara har ƙasa. Na koma sama. Na ce musu adaftar ce ke wasa, na zare na sake sokawa, don kawai in sami damar dubawa a natse. Na rubuta sunana a wurin nema. Har awakinsa suna da folda. Ni babu. A hotunan Sallah kaɗai na tsinci kaina, can gefe, rabin kafaɗa.

Na zuba wa kowa hotunansa a filas na kwamfuta, ina miƙawa. Auta ya karɓa yana share hawaye, ya ce, "Yaya, ina naka? Mu gani mana."

"Na riga na kwashe," na ce.

Inna tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta yi boko ba, amma ta zauna da Baffa fiye da shekaruna, ta san babu abin da na kwashe. Na jira ko za ta ce wani abu, ko da sau ɗaya. Hannunta ya tsaya a kan faifan shinkafar. Ba ta ɗago ba. Ta juya wajen ƙanwata.

"Ki ce masa ya tsaya ya ci abinci."