Kyanwar da Take Rufe Kwano

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami a Birnin Gwari. Ba riƙon lissafi ne ya tuna mini ba, jikata ce, ita ma ba da saninta ba. Na gan ta ta fasa gwangwanin madara ta juye shi kaf a kan yankakkiyar gwanda, sannan ta jefa gwangwanin a kwandon shara, sauran madara tana ɗiga a bakinsa. Na waiwaya in ga ko Gwaggo tana kallo, a lokacin ne na tuna ta daɗe a ƙasa.

A zamanin Turawa ba a buɗe gwangwanin madara, huda shi ake yi da ƙusa wuri biyu: ta ɗaya madara ta fito, ta ɗaya iska ta shiga. In ba ka yi ta biyun ba, madara ba za ta zubo ba. Gwaggo ta san haka sarai, shi ya sa wuri ɗaya take hudawa, kuma da basilla. Sai ta ɗaga gwangwanin a kan kwano, madarar ta riƙa fitowa ɗis, ɗis, mai kwano yana kallo yana haɗiyar yawu. Direbobin manyan motoci masu bin hanyar Ikko, waɗanda take sayar wa abinci a bakin titi, su suka laƙaba mata Huda Ɗaya. Ta ji sunan, ba ta damu ba. Cewa take yi duk direban da yake son huda biyu ya je ya auri matar kanti.

Abin da take ɗiga wa madarar nan, wurin wani kuku ta koye shi, mai dafa wa Di'o, Baturen mulki, abinci idan ya zo rangadi ya sauka a bariki. Shi ya gaya mata Turawa ba sa tashi daga cin abinci sai sun bi da wani abu mai zaƙi, ya nuna mata yadda ake yinsa da shinkafa da madara da sukari. Ya ce sunansa fudin. Gwaggo ta ce wannan ba sunan abinci ba ne, ƙarar jaki ce in ya ƙoshi, ta sa masa suna lallashi. Sukarin ma ta cire, ta sa mazarƙwaila. Shinkafar kuwa tsakinta take saye, wanda masu sussuka suke bai wa kaji. Ta dafa shi ya yi luguf, ta jefa kanumfari da ɗan citta, in ya huce ta kawo gwangwani ta yi masa ɗigon nan nata. Gwangwani ɗaya yana zagaye tukunya guda. Ban taɓa gane yadda take yi ba, amma duk wanda ya ci sai ya rantse madara ta ji.

Ba lallashi kaɗai ba. Burodin da ya bushe a hannun direbobi takan karɓe shi a arha, ta jiƙa da ruwan mazarƙwaila da ɗigon madara, ta gasa a tanda. Ayabar da ta nuna har ta yi baƙi takan dama ta da garin rogo da madara. In gwangwani ya ƙare ta zuba ruwan zafi ta girgiza, wannan shi ne ɗauraye na fari, na shayin baƙi. Ɗauraye na biyu namu ne, 'yan gida. Akwai na uku, wanda ni dai ban taɓa ganin bambancinsa da ruwa ba, amma Gwaggo ta ce hancina ne ya toshe. Bayan nan ta yanke kan gwangwanin, ya zama ma'aunin gishiri ko fitilar aci-balbal. Da za ta ga kwandon sharar gidana yau, da ni za ta fara jefawa a ciki.

Sai dai ba don tsumulmularta nake wannan rubutu ba. Don ranar da ta yi huda ta biyu ne.

Na taso ba ni da gona, ba ni da jari, sai baki da ƙafa. Na ce dillancin shanu zan yi. Dillali a wancan lokaci ba a kara yake samun shanu ba, a zaurensa yake samu. Bafillace zai fito daga daji ya sauka a gidanka, ka ba shi masauki da abinci, in ya yarda da kai ya miƙa maka igiyar bijiminsa ka sayar, ka ci la'ada. In ardo guda ya amince da kai, duk rugagen da suke bayansa naka ne. In babu, sai ka yini a kara kana kore wa shanun wasu ƙuda. Ni a lokacin korar ƙuda nake yi, kuma na riga na yanke cewa in kakar jangali, harajin shanu, ta wuce ban samu ba, zan bi mota in zama ɗan kamasho.

Ana cikin haka Ardo Buba, mai rugage a dajin wajen Kuyello, ya ɓata da tsohon mai masaukinsa. Lokacin biyan jangali ya matso, dole ya sayar da shanu, kowane dillali a garin yana gyara zaure. Na yi ta bin sa da gaisuwa har ya ce zai gwada ni kasuwa ɗaya. Ya iso da hantsi da mutanensa, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. Aka kawo tuwo da miyar kaza, suka ce sun ƙoshi. Wannan ban damu ba, na san fulako: Bafillace ba ya cin abinci a gaban mutane ko da yunwa za ta kashe shi. Amma ina so Ardo ya ga ni dillalin zamani ne. Na shiga cikin gida na ɗauko sabon gwangwanin Gwaggo, na ajiye a gabansa da hannu biyu, na ce ga nonon Turawa, daga bayan teku ya zo.

Ardo ya ɗauka ya girgiza a kunnensa. Ya juya shi ya dubi hoton saniyar da yake jiki.

"Ɗan Kaɗo, wannan ce ta yi shi?"

Na ce ita ce, ko 'yar'uwarta.

"Yaya sunanta?"

Na ce ban sani ba.

"Wa yake kiwonta? Wace ciyawa take ci?" Ya ajiye gwangwanin a hankali, ya ture shi da yatsa ɗaya. "Ni tun da aka haife ni ban taɓa shan nonon da ban san uwarsa ba. Ka kawo mini maraya a cikin ƙarfe."

Mutanensa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ɗaya daga cikinsu ya ce wani abu da Fillanci, na tsinci sunan wani babban dillali a ciki. Na kwashi gwangwanina na shige gida, ina jin ƙarar motar Ikko a kunnena.

Gwaggo tana bayan katanga, ta ji komai. Ba ta yi mini faɗan ɗaukar gwangwaninta ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Garba, a gaban yaransa ka kai masa?"

Na ce eh.

"Mai shanu, ka kai masa nono a gaban yaransa, ka ce ya yaba." Ta karɓi gwangwanin. "Ka yi masa huda ɗaya kana jira ya zubo. Miƙo mini ƙusa."

Ƙusa ta ce, ba basilla ba. Ina tsaye ta yi huda, ta juya gwangwanin ta yi ta biyu. Na ga madara tana zuba a gidanmu kamar a gidan mutane. Ta juye rabinsa a kan kwano ɗaya na lallashi, fuskarta kamar ana cire mata haƙori.

Bayan Azahar mutanen Ardo suka tafi kara, shi kuma ya kishingiɗa a ɗakin baƙi shi kaɗai. Gwaggo ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanon ta rufe da faifai, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama.

"Ardo, ba abinci na kawo maka ba. Wannan da nonon gwangwanin nan aka yi shi, na san ba cimarka ba ce. Ajiya na kawo, ɗakinka ya fi sanyi. Ka dai sa mini ido, kyanwa ta dame mu a gidan nan."

Ba mu da kyanwa. Gwaggo ba ta ciyar da abin da ba ya ƙwai.

La'asar ta yi, na shiga ɗauko kwanon. Na same shi a inda ta ajiye, a rufe da faifai, cokali a kife a kai. Na ɗaga faifai, kwano fes kamar an wanke. Ardo yana jan carbi, idonsa a kan rufin ɗaki.

"Ka ba uwar gida haƙuri," in ji shi. "Barci ya ɗauke ni. Kyanwar nan taku ba ta da kunya."

Na kai wa Gwaggo kwano da saƙo. Ta duba ciki, ta ce kyanwa ce mai tarbiyya, tunda ta ci da cokali ta mayar da faifai. Washegari da safe Ardo ya miƙa mini igiyar bijimai, bai ce komai a kan jiya ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya kaɗan, yadda za a ji a cikin gida, ya ce in uwar gida tana da wata ajiyar kasuwa mai zuwa, ɗakin yana nan da sanyinsa, kuma zai fi sa ido.

Bai taɓa sa ido ba. Turawa suka tafi, aka daina jangali, na yi aure, na gina gida, na sayi mota tawa ta kaina, kyanwa tana nan tana ɓarna duk ranar kasuwa. A gaban mutane kuwa Ardo bai fasa zagin madarar gwangwani ba. In ya ga direba yana zuba ta a shayi sai ya kau da kai ya ce Allah ya kyauta. Dillalai sun yi ta zawarcinsa da manyan riguna da ragin la'ada, ba su san abin da ya ɗaure shi a zaurena ba. Gwaggo kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har matata sai da ta shekara biyu a gidan tana neman kyanwar da sanda. Wani lokaci Gwaggo takan aika a tambayi Ardo ko ya lura kyanwar ta fi son citta ko kanumfari. Ya ce shi bai sani ba, amma a ganinsa kyanwa ba ta son citta ta yi yawa.

Abin da na ci abinci da shi duk rayuwata a wurinta na koya a ranar nan. Na sayar da shanu, na sayar da hatsi, na sayar da motoci, kuma ban taɓa matsa wa mutum ya ce yana so a gaban jama'a ba. Ka bar masa ƙofar da zai shiga da girmansa, ciniki zai faɗa da kansa.

Nakan tambayi kaina abin da Gwaggo za ta ce da yau. Madarar gari a 'yar leda na san za ta so ta don arha, ta ƙi ta don ba a ɗauraye leda. Firiji za ta ce ya kashe mata dabara, don ba wanda zai yarda ɗakin baƙi ya fi shi sanyi. Abin da ban san yadda zan gaya mata ba shi ne dajin. Hanyar da Ardo yake bi da ƙafa da sandarsa, yanzu mai mota ma sai ya yi addu'a. Mutumin gari da mutumin ruga suna haɗuwa a kasuwa kowa yana duban hannun ɗan'uwansa. Jikokin Ardo wasu sun yi kudu da shanunsu, wasu ban san inda suke ba. Ɗakin baƙina yana nan, buhunan masara ne a ciki.

Da Gwaggo ta rasu, Ardo ya zo gaisuwa ran sadakar uku. Ya tsufa ƙwarai, a kan jaki aka kawo shi. Ya yi addu'a, ya zauna cikin mutane, da rana ta take ya shiga ɗakin baƙi. Matata, wadda ta riga ta koyi lallashi a hannun Gwaggo, ta dafa, ta yi huda biyu, ta rufe da faifai. Ni na kai. Na ce ga ajiya, Ardo, a sa mana ido.

Da La'asar na koma. Kwanon yana nan a rufe. Na ɗaga shi na ji nauyi. Ko cokali ba a taɓa ba.

"Yau na sa ido," in ji Ardo. "Ba ta shigo ba."

Gwaggo ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, 'ya'ya ma Allah bai ba ta ba sai ni. Gwangwanayenta tsatsa ta cinye su. Abin da ya rage shi ne duk shekara war haka nakan sa a dafa lallashi da tsakin shinkafa da mazarƙwaila, a zuba a babban kwano a kai zaure. Akwai masu zuwa gaishe ni da na san ba su karya ba, kuma ba za su faɗa ba ko za a yanka su. Sai in ce musu ga ajiya, zan shiga in yi alwala, a sa mini ido. Nakan daɗe a alwalar. In na fito kwano fes, faifai a kai.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tasalla, ya jiƙan Ardo Buba. Har yau ba mu da kyanwa.